Gwajin magungunan masassara da turjiyar ƙwayar cuta: taƙaitaccen tarihi daga 1820 zuwa 2025

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa a shekarun 1970 da 1980 ya san ɗacin Nivaquine. Ita ce ake ba yaro idan jikinsa ya yi zafi da damina, kuma sau da yawa kwana uku sun isa ya koma wasa. Yau an janye ta daga magungunan da gidajen likita ke bayarwa domin masassara, saboda ƙwayar cutar ta daina jin ta. Lamarin ba ƙarami ba ne: rahoton hukumar lafiya ta duniya, OMS, ya ƙiyasta cewa masassara ta kashe mutum 597,000 a shekara ta 2023, kuma Nijar na cikin ƙasashe huɗu da suka ɗauki fiye da rabin wannan adadi, tare da Nijeriya da Kwango ta Kinshasa da Tanzaniya.

An saba ba da tarihin magungunan masassara ta hanyar jera sunayen masu bincike da shekarun da suka yi nasara. A wannan maƙala za mu bi ta wata hanya. Za mu duba abin da aka yi gwajin a kansa a kowane zamani, wato tsuntsu, ko ɗan kaso, ko ɓera, ko jini cikin faranti. Ra'ayinmu shi ne, ma'aunin da masu bincike ke da shi a hannu shi ke iyakance maganin da za su iya samowa, shi ne kuma ke sa su ga turjiyar ƙwayar cuta da wuri ko su makara.

1. Kalmomin aiki

A Hausa kalmar ƙwaya tana nufin maganin da ake haɗiya, tana kuma nufin abin da ke kawo cutar. Domin kauce wa ruɗani, za mu ce ƙwayar cuta idan muna nufin halittar da sauro ke zubawa cikin jini, musamman Plasmodium falciparum, wadda ita ce mai kisa a ƙasashenmu. Sinadari shi ne abin da ake gwadawa kafin a san amfaninsa. Sai ya ci gwaji sa'an nan ya zama magani.

Abin da ake kira résistance da Faransanci mun fassara shi da turjiya, daga aikatau turje, kamar yadda akuya ke turjewa idan ana jan ta. Mun guji kalmar sabo da gangan. Majinyata kan ce jikinsu ya saba da magani, alhali jikin mutum ba shi da hannu a ciki. Cikin miliyoyin ƙwayoyin cuta da ke jinin majinyaci, akan sami ƴan kaɗan da aka haifa da wani canji a ƙwayar gadonsu. Magani ya kashe sauran, su kuwa su tsira, su hayayyafa, sauro ya kai zuriyarsu ga wani mutum.

2. Zamanin kinin da tsuntsaye

A 1820 wasu masana haɗa magani biyu na birnin Paris, Pelletier da Caventou, suka fitar da kinin daga ɓawon itacen kinkina na Amurka ta kudu. A lokacin ba a san abin da ke kawo masassara ba, saboda haka majinyaci shi ne kaɗai ma'auni: in zafin jiki ya sauka, magani ya yi aiki. A 1854 likita William Baikie, wanda masana harshe suka sani da aikinsa a kan Hausa a Lokoja, ya hau kogin Kwara da Binuwai cikin jirgin ruwa yana ba mutanensa kinin kullum, ya komo bai rasa kowa ba. Wannan tafiya ta nuna wa Turawa cewa za su iya shiga cikin Afirka su fito da rai, kuma sauran labarin sananne ne a tarihin mulkin mallaka.

A 1880 Alphonse Laveran, likitan sojan Faransa a Kustantin ta Aljeriya, ya ga ƙwayar cutar cikin jini ta madubin likita. Daga nan aka sami abin ƙirgawa. Da shi ne likitoci a Barazil da Jamus suka ba da rahoto a 1910 cewa akwai majinyata daga Barazil da kinin bai share musu jini ba sai an ƙara yawansa. Wannan shi ne labarin turjiya na farko da aka rubuta.

Neman abin da zai maye gurbin kinin ya ci karo da wata babbar matsala: ƙwayar cutar mutum ba ta kama dabbobin ɗakin bincike. Amma tsuntsaye suna da tasu masassara. A shekarun 1920 Wilhelm Roehl na kamfanin Bayer a Jamus ya tsara gwaji da tsuntsun kanari: a sa masa ƙwayar cutar tsuntsaye, a ɗura masa sinadari, a lura da kwana nawa cutar za ta jinkirta bayyana cikin jininsa. Ta wannan hanya aka sami Plasmochin a 1926 da Atebrin a farkon shekarun 1930. A 1934 Hans Andersag ya haɗa wani sinadari da aka sa wa suna Resochin. Ya ci gwajin kanari, amma da aka gwada shi a kan ƴan tsirarun majinyata sai aka yanke cewa dafinsa ya yi yawa, aka ajiye shi. Kuskure ne, domin wannan sinadari shi ne kulorokin, wato Nivaquine da muka ambata. Ƙarancin mutanen da aka gwada a kansu ya jinkirta shi fiye da shekara goma.

3. Yaƙin duniya na biyu: agwagi da ƴan kaso

A 1942 Japan ta kama tsibirin Jaba, inda ake noman kusan duk kinkinar duniya. Amurka ta buɗe wani babban shiri, aka gwada sinadarai kimanin 14,000 a kan kaji da agwagi da kanari. A 1943, da sojojin ƙawance suka shiga Tunis, likitocin Faransa da ke can suka miƙa musu wani ɗan'uwan Resochin mai suna Sontochin da suke gwadawa. Bin diddiginsa ya mai da Amurkawa ga sinadarin Andersag, suka ba shi lamba SN 7618, a 1946 aka raɗa masa suna kulorokin.

Tsuntsu ba mutum ba ne, don haka matakin ƙarshe sai a jikin ɗan Adam. Daga 1944 aka riƙa sa sauro ya ciji ƴan kaso a gidan yarin Stateville na jihar Ilinoi, sa'an nan a ba su sinadaran. An ce sun yarda da kansu, amma yardar wanda ke tsare yana fatan a rage masa shekaru abar tambaya ce, har lauyoyin likitocin Nazi suka kafa hujja da wannan gwaji a shari'ar Nuremberg ta 1947. Sai tsakiyar shekarun 1970 aka daina shi.

Kulorokin ya zo da araha da sauƙin sha. A 1955 OMS ta ƙaddamar da shirin kawar da masassara daga duniya, tana dogara da shi da kuma feshin DDT. A wasu wurare, kamar Barazil da yankin Pailin na Kambodiya, har cikin gishirin girki aka zuba shi, ta yadda mutane da yawa suka riƙa shan ɗan kaɗan wanda bai isa kisa ba. A ƙarshen shekarun 1950 turjiya ta ɓulla a wurare biyu masu nisa da juna: iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya. Babu wani gwajin ɗakin bincike da ya hango ta. An gane ta ne daga majinyatan da suka sha magani cutar ta dawo musu.

4. Ɓera da yaƙin Biyetnam

A 1948 Ignace Vincke da Marcel Lips suka gano wata ƙwayar masassara cikin ɓeran daji a Katanga ta Kwango, suka kira ta Plasmodium berghei. Tana kama ɓeran ɗakin bincike, wanda ya fi tsuntsu kusa da mutum, ga arahar kiwo. Da yaƙin Biyetnam ya tsananta, ɓangarorin biyu suka tarar kulorokin bai kare sojojinsu, kuma dukansu ga wannan ɓera suka koma.

A Amurka, cibiyar binciken soja ta Walter Reed ta fara aiki a 1963, ta gwada sinadarai fiye da 250,000. Gwajin da Leo Rane ya tsara a jami'ar Miami mai sauƙi ne: ɓeran da aka sa wa cutar kan mutu cikin mako guda, sinadarin da ya ninka masa kwanakin rai shi ake kai wa mataki na gaba. Lambar meflokin, WR 142,490, ta isa ta nuna yawan waɗanda aka zubar kafin a kai gare shi. Tailan ta fara amfani da shi a tsakiyar shekarun 1980, kuma kafin shekara goma turjiya ta cim masa a kan iyakokinta.

A Sin, an kafa shirin sirri mai lamba 523 ranar 23 ga Mayu 1967. Tu Youyou da abokan aikinta suka tattara girke-girken maganin gargajiya fiye da 2,000, suka gwada ruwan tsirrai ɗaruruwa a kan ɓeraye. Ganyen Artemisia annua, ɗan'uwan tazargade, yakan yi aiki wani lokaci ya ƙi wani lokaci. Wani littafin likita Ge Hong na ƙarni na 4, wanda ya yi maganar jiƙa ganyen ba tare da tafasawa ba, ya sa ta zargi zafin wuta. Ta canza hanyar tacewa, kuma a watan Oktoba 1971 samfuri na 191 ya share ƙwayar cutar gaba ɗaya daga jinin ɓeraye. A 1972 ta sha shi da kanta tare da abokan aikinta, sa'an nan aka ba majinyata 21 a tsibirin Hainan. Sinadarin da ke ciki shi ne artemisinin, wanda ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Ilmin gargajiya ne ya nuna ganyen, gwajin ɓera kuma shi ya bambanta tacewar da ta yi da wadda ba ta yi ba.

5. Shekara ta 1976: ƙwayar cuta cikin faranti

Har zuwa wannan lokaci, sinadari kan ci gwaji ne a kan ƙwayar cutar tsuntsu ko ta ɓera, alhali wadda ta turje ta mutum ce. A 1976 William Trager da James Jensen na jami'ar Rockefeller a New York suka yi nasarar kiwon Plasmodium falciparum ba yankewa cikin jinin mutum a faranti. Sirrin shi ne rage iskar oksijen. Hanyar da suka yaɗa ba ta bukatar na'ura mai tsada: a sa faranti cikin tulun gilashi, a kunna kyandir, a rufe, in ya mutu iskar ciki ta yi daidai.

A 1979 Robert Desjardins da abokansa na Walter Reed suka gina gwaji a kan wannan. Ana amfani da faranti mai gurabu 96, kamar gurabun dara, a zuba jini mai cuta a kowane gurbi, a sa sinadari daga mai yawa zuwa ɗan kaɗan, a bar su kimanin kwana biyu, tsawon zagayen rayuwar ƙwayar cutar cikin jini. Sai a nemi yawan sinadarin da ya rage girmanta da rabi, abin da ake rubutawa CI50 da Faransanci. Aka kuma tara irurruka da aka san halinsu: 3D7 mai jin kulorokin, K1 na Tailan da W2 da Dd2 na kudu maso gabashin Asiya masu turjiya. Tun daga nan, sabon sinadari sai an gwada shi a kan iri mai ji da iri mai turjiya gefe da gefe. Idan alƙaluman biyu suka yi nisa da juna, an san tsohuwar turjiya ta riga ta rufe masa hanya, tun kafin a kashe kuɗi a kansa.

Wannan ci gaba bai hana abin da ya sami Afirka ba. Turjiyar kulorokin ta bayyana a Kenya da Tanzaniya a 1978, ta iso Afirka ta yamma a rabi na biyu na shekarun 1980. Binciken Jean-François Trape a yankuna uku na karkarar Sanagal ya nuna mutuwar yara da masassara ta ninka sau biyu zuwa biyar da rabi bayan isowarta. Ma'auni yana nan, maganin maye gurbi mai araha ne babu, domin manyan kamfanoni sun janye daga cutar da masu fama da ita ba su da kuɗi. A 2000 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin turjiyar, pfcrt, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa irin da ya mamaye Afirka daga Asiya ya taso. Malawi, wadda ta janye kulorokin tun 1993, ta ga irin mai turjiya ya ragu har kusan ɓacewa cikin shekara goma sha biyu, alamar cewa turjiya nauyi ce ga ƙwayar cutar idan babu maganin a fage.

6. Lokacin da ma'auni ya makance

A 2001 OMS ta ba da shawarar a haɗa ɗan gidan artemisinin da wani magani mai daɗewa a jini, haɗin da ake kira CTA. Nijar da Nijeriya sun koma gare shi a tsakiyar shekarun 2000. Hikimar haɗin ita ce, da wuya ƙwayar cuta guda ta zo da canji biyu lokaci ɗaya.

A 2009 Arjen Dondorp da abokansa suka buga sakamako daga Pailin, wurin nan na gishiri mai kulorokin. Jinin majinyata a can yana ɗaukar kimanin awa 84 kafin ya tsarkaka, alhali a Wang Pha ta Tailan awa 48 ne. Amma da aka sa waɗannan ƙwayoyin cuta cikin farantin Desjardins, ba a ga wani bambanci mai ƙarfi ba. Dalilin yana cikin tsarin gwajin. Artemisinin ba ya wuce ƴan awowi a jinin mutum, kuma turjiyar tana ga matakin farko ne kawai, lokacin da ƙwayar cutar ke da siffar zobe. Faranti kuwa yana barin ta cikin magani kwana biyu, sai ta tsallake matakin zobe ta mutu a na gaba.

A 2013 Benoit Witkowski da abokansa na cibiyar Pasteur ta Kambodiya suka gyara ma'aunin: a ɗauki zobba ƴan ƙasa da awa uku, a sa su cikin magani awa shida kacal, a wanke, a ƙirga waɗanda suka rayu bayan awa 72. Nan take bambancin ya fito. A Tulus ta Faransa kuma, an yi shekara biyar ana ba wani iri na Tanzaniya artemisinin kaɗan-kaɗan har ya turje; da aka kwatanta shi da ɗan'uwansa wanda bai sha ba, aka ga canji a ƙwayar gado mai suna kelch13. Frédéric Ariey da abokansa suka tabbatar a 2014 cewa a nan ne canjin Kambodiya ma yake. Da wannan alama aka gano turjiyar a Ruwanda a 2020, a Yuganda a 2021, a Iritiriya a 2023. Wannan karo ba daga Asiya ta zo ba, a Afirka ta tsira. Turjiya ce ta wani ɓangare: CTA na warkarwa muddin abokin haɗin yana aiki. A Kambodiya kuwa an ga yadda haɗin ya rushe da abokin, piperakin, ya gaza.

7. Gwajin miliyoyi

Kafa ƙungiyar Medicines for Malaria Venture a Janeba a 1999, da karanta dukan ƙwayoyin gadon falciparum a 2002, da shigowar na'urori masu cika faranti da kansu, sun mai da kamfanoni fagen. A 2010 ɗakin binciken GlaxoSmithKline na Tres Cantos a Sifen ya gwada sinadarai kusan miliyon biyu, ya sami 13,533 masu kashe ƙwayar cutar, ya bayyana su ga kowa. A jami'ar Cape Town, ƙungiyar Kelly Chibale ta fitar da MMV048 a 2012, sinadarin masassara na farko da ƙungiyar da ke Afirka ta jagoranta har zuwa gwaji a kan mutane.

Darasin Pailin da Tulus ya shiga cikin aikin. Yanzu akan tilasta wa ƙwayar cuta ta turje a faranti da gangan, a ga ko cikin miliyon nawa ake samun mai tsira, domin a san sinadarin da zai yi saurin faɗuwa. Sipargamin misali ne: yana kisa da sauri, amma da aka ba majinyata a Afirka shi kaɗai, cutar ta dawo wa wasu ɗauke da canji a ƙwayar gadon da yake kai wa hari. Ganaplasid kuwa, wanda shi ma daga irin wannan tankaɗe ya fito, an haɗa shi da lumefantirin. A watan Nuwamba 2025 kamfanin Novartis ya sanar da cewa a babban gwajin da aka yi a ƙasashe 12 na Afirka haɗin bai gaza Coartem ba wajen warkarwa.

Kammalawa

Mun ga cewa kowane ma'auni ya buɗe wata ƙofa ya bar wata a rufe. Kanari ya ba da kulorokin amma bai faɗi komai a kan turjiyar ƙwayar mutum ba. Farantin 1979 ya ga turjiyar kulorokin, ya kasa ganin ta artemisinin. A 1910, da ƙarshen shekarun 1950, da 2009, majinyaci ne ya fara ba da labari, ɗakin bincike ya biyo baya.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tun 2013 ake ba yaran Nijar rigakafin damina, CPS, da amodiyakin haɗe da sulfadoksin-pirimetamin, magunguna biyu da turjiya ta raunana a gabashin Afirka. OMS na son kowace ƙasa ta auna ingancin magungunanta a kan majinyata duk shekara biyu, ta canza su idan gazawa ta wuce kashi 10 cikin ɗari. Irin wannan awo yana bukatar uwa ta fahimci dalilin da za a riƙa ɗibar jinin ɗanta har kwana 28 bayan ya warke, ta kuma yarda da saninta, ba irin yardar ƴan kason Stateville ba. Za a yi mata wannan bayani ne da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci. Matuƙar kalma ɗaya ce ke nufin magani da cuta, kuma sabo ne ke tsaya wa turjiya a bakin jama'a, akwai aikin da ya rataya a wuyan sashen nazarin harsuna: tattara kalmomin da ma'aikatan lafiya ke amfani da su a gidajen likita, a tantance su tare da likitoci, a fitar da ƙaramin ƙamus da za a iya gwadawa a fage.